TAKU NAWA KA YI JIYA?

Jawabi a kan auna motsa jiki ga masu hawan jini, wanda aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai, a Daura



Kwamitin shirya taro ya rubuto mini cewa in yi magana a kan hawan jini, ya kuma ba ni minti 30. Dalilin zaɓen wannan batu ba ɓoyayye ba ne ga kowa. Duk shekara idan sakatare ya tashi karanta sunayen waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, sa'an nan ya biyo da na waɗanda suka aiko da uzuri saboda shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda, mukan ga takardar tana ƙara tsawo. To, hawan jini kogi ne, minti 30 ba su isa a haye shi. Saboda haka zan tsaya a mashigi ɗaya wanda ya shafi aikina na fisiyo, watau gashi da motsa gaɓoɓi. Mashigin nan kuwa shi ne wata tambaya da ake yi wa kowane mai hawan jini a asibiti, da amsar da kusan kowa yake bayarwa. Likita ya ce, "Alhaji, kana motsa jiki kuwa?" Alhaji ya ce, "Ai likita, ni ba na zama." Likita ya rubuta, Alhaji ya karɓi katinsa ya fita, alhali kuwa daga mai tambayar har mai amsar babu wanda ya san ko nawa ne wannan "ba na zama".

Kafin in shiga, bari mu daidaita a kan abin da ake kira hawan jini. Na'urar awo tana ba da lamba biyu, ta sama da ta ƙasa. Idan aka auna mutum a ranaku biyu mabambanta aka sami ta sama ta kai 140 ko ta wuce, ko kuwa ta ƙasa ta kai 90 ko ta wuce, to yana da shi, ko yana jin ciwon kai ko ba ya ji. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ya ce cikin kowane baligi uku a duniya ɗaya yana da shi, kusan rabin masu shi ba su ma sani ba, kuma cikin masu shi biyar ɗaya ne kawai jininsa ya sauka inda ake so. Binciken da aka yi a Nijeriya ma yana nuna wajen mutum ɗaya ne cikin uku. Wannan lissafi kuwa ya haɗa da samari 'yan shekara 30. Mu da furfura ta cinye wa gemu, rabonmu ya fi haka nesa. Kowa ya dubi na damansa da na hagunsa.

Abu uku likita yakan faɗa wa mai hawan jini: ya sha magani, ya rage gishiri, ya motsa jiki. Magani ana ƙirga shi, ƙwaya ɗaya da safe, idan kwali ya ƙare a ranar da ya kamata an san an sha. Gishiri ma yana da ma'auni, kada ya wuce giram 5 a yini, watau abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, har da wanda ke ɓoye cikin dunƙulen miya. Na ukun ne aka bar wa fatar baki. Ga shi kuwa aikinsa ba ƙarami ba ne. Mai hawan jini da ya lizimci tafiya mai sauri ko tuƙa keke na wasu watanni, lambarsa ta sama takan sauka da kamar 5 zuwa 8, wanda ya yi kusa da abin da ƙwayar magani guda take yi wa wasu. Ina roƙon kada wani ya fita daga zauren nan ya ce na ce a ajiye magani. Tare ake yin su. Abin da nake cewa shi ne, abin da yake da ƙarfin magani ya cancanci a auna shi kamar magani.

Adadinsa kuma sananne ne. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020, wadda ta ambaci masu hawan jini da masu ciwon suga da sunansu, ana son baligi ya sami minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, ya kuma yi abin da zai ƙarfafa tsoka sau biyu a mako. Wanda ya kai shekara 65 ana son ya ƙara da atisayen da zai hana shi tangaɗi da faɗuwa. Minti 150 shi ne rabin awa a rana, kwana biyar.

Tun yaushe aka gane wannan? A 1953 wani likitan Ingila mai suna Jeremy Morris ya buga sakamakon binciken da ya yi a kan ma'aikatan bas-bas na birnin Landan, irin masu benen nan. Direba da kwandasta suna mota ɗaya, awoyin aikinsu ɗaya, unguwanninsu iri ɗaya. Amma direba yana zaune tun safe, kwandasta kuwa yana hawa bene yana sauka yana karɓar kuɗi, matakala ɗaruruwa a yini. Sai aka tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobi, kuma ya fi saurin kashe su. Shi Morris ɗin ya kama abin da ya gano, bai daina motsa jiki ba, ya rasu a 2009 yana da shekara 99. Mu a Daura ba sai mun je Landan ba. Ku dubi hawan Sallar Gani. Hakimi yana bisa doki cikin alkyabba da rawani, yana zufa, ya koma gida a gajiye tilis. Zaginsa yana ƙasa yana tafiya yana sassarfa tun daga fari har ƙarshe. Dukansu biyu sun yi hawa, dukansu sun gaji, amma idan aka ɗaura musu na'ura ba abu ɗaya za ta rubuta ba. Da yawanmu a zauren nan mun fara rayuwa muna zagage, yanzu mun zama mahaya, kuma har yau muna ba likita amsar zagi.

Ina ganin makarantar nan tana da hannu a cikin wannan ruɗu, ko da yake da alheri ta yi. Malamanmu suna zaune, su ne shaida. Ƙararrawar asuba, shara, ɗebo ruwa da bokiti a ka, gudu zuwa aji kada firfet ya rubuta suna, leba ranar Asabar, gonar makaranta, ƙwallo da yamma, ga gudun ya-da-ƙanin-wani wanda malamin wasanni yake bin mu a baya bisa keke. Ranar fita gari da ƙafa muke zuwa kasuwa mu dawo da ƙafa. Lokacin hutu wasunmu daga tasha sukan taka har ƙauyukansu a ƙasar Sandamu ko Zango ko Baure da akwati a ka. Duk wannan a kan gabza da miyar da ake ganin ƙasan kwano ta cikinta. Jikin da ya yi wannan rayuwa shekara biyar yakan bar wa mai shi wani hoto a zuci, cewa shi mutum ne mai ƙwazo. Hoton nan bai tsufa ba, mu ne muka tsufa. A tsakani kuma garin ya sake. Daga ƙarshen shekarun 1980, wajen lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, acaɓa ya fara yawaita, daga baya keke mai ƙafa uku ya biyo. Injin niƙa ya karɓi aikin dutse da rabin na turmi. Mai kura yana kawo ruwa har tsakar gida. Wayar hannu ta kashe zuwa gidan aboki don a tambayi abu ɗaya. Ba na kukan ko ɗaya daga cikinsu, sauƙi ne Allah ya kawo. Amma kowannensu ya ɗauke wani yanki na tafiyar da dā ake yi ba tare da an sa mata suna ba, kuma ba a mayar da komai a gurbinta ba.

Abu na biyu da ke ruɗa mu shi ne gajiya. Ɗauki ɗan kasuwan da ya tafi Mai'aduwa ranar Lahadi. Yaro ya kai shi tasha a babur, ya shiga mota, ya sauka, ya zauna a rumfa yana ciniki cikin rana da ƙura da hayaniya har la'asar, ya dawo jikinsa kamar an yi masa duka. Ko ma'aikacin da ya buga sammako zuwa Katsina bin fayil ɗin fansho, ya wuni bisa benci, ya dawo bayan isha. Wallahi sun gaji, ba wanda zai musa. Amma gajiyar zama ce da zafi da ɓacin rai, irin wadda ke ɗaga jini, ba irin wadda ke sauke shi ba. Idan ka tambaye su ko sun motsa jiki, da zuciya ɗaya za su ce tun asuba ba su huta ba.

To, yaya ake aunawa? Hanya ta farko, wadda ta fi arha, ita ce takardar tambayoyi. A 1998 wasu masana suka taru a birnin Janiba suka tsara wata takarda da ake kira IPAQ, aka gwada ta a ƙasashe 12 a shekarar 2000. Gajeruwarta tambaya bakwai ce kacal, duk a kan kwana bakwai da suka wuce: kwana nawa ka yi aiki mai tsanani, minti nawa, kwana nawa ka yi matsakaici, kwana nawa ka yi tafiyar ƙasa, awa nawa kake yi a zaune. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana da tata mai tambaya 16, ana ce mata GPAQ, wadda ta raba rayuwar mutum gida uku: wurin aiki, hanyar zuwa da dawowa, da lokacin hutu. Lissafin ba wuya, malaminmu na lissafi zai iya duba ni. Ana ɗaukar zaman mutum shiru a matsayin maki 1 a kowane minti, aiki matsakaici maki 4, mai tsanani maki 8. Mafi ƙarancin abin da ake so a mako maki 600 ne. Minti 30 sau kwana 5 sau 4, ya ba ka 600 cif.

Abin da zai faranta muku rai shi ne akwai wannan takarda da Hausa. Malaman fisiyo na Jami'ar Maiduguri, ƙarƙashin jagorancin Adewale Oyeyemi, su suka fassara gajeruwar IPAQ suka daidaita ta da rayuwarmu, suka gwada ta, aka buga aikin a 2011. Aiki ne mai kyau, kuma ya kamata a ce kowane ɗakin duba masu hawan jini a ƙasar Hausa yana da ita a teburi. Amma wanda ya taɓa zama da dattijo yana cika ta ya san inda take tuntuɓe.

Tuntuɓe na farko minti ne. Mu ba da minti muke rayuwa ba, da lokutan salla muke. Ka ce wa mutum minti nawa ya yi a gona, ya ce daga hantsi zuwa azahar. A cikin wannan akwai tafiya, akwai huɗa, akwai zama gindin gawo, akwai shan fura, akwai hira da maƙwabcin gona. Idan mai cika takarda ya rubuta awa huɗu na aiki mai tsanani, ya mayar da dattijon nan ɗan wasan Olamfik. Na biyu shi ne lokacin shekara. Takardar tana tambayar kwana bakwai da suka wuce. Manomin Baure da aka tambaya a watan Yuli, ana tsakiyar noma, da shi wannan manomin da aka tambaya a watan Maris, yana dakali yana jiran ruwa, sai ka rantse mutum biyu ne. Hawan jini kuwa ba ya tafiya cin rani, yana nan wata 12. Na uku kunya ce da son faranta wa likita. Ba wanda yake son ya ce wa yaron da ya haifa, ko da yaron yana sanye da farar riga, "Ni dai daga ɗaki sai zaure."

Na huɗu ya shafi iyayenmu mata da matanmu, kuma a nan takardar takan yi kuskure ta fuska biyu. Kalmar "motsa jiki" a kunnen mutane da yawa tana nufin ƙwallo da guje-guje da tsalle-tsalle. Ka tambayi matar ƙauye da ta yi surfe, ta yi daka, ta ja guga, ta ɗauko itace, ta ce ita ba ta motsa jiki, alhali ta fi kowa a zauren nan maki. Ka tambayi Hajiyar cikin gari wadda take da 'yan aiki biyu da jikoki masu miƙo mata komai, ta ce ita wuni take tana aikin gida, alhali aikin nata umarni ne daga kan kujera. Ga shi kuma mata da yawa ba su cika fita ba, tafiyarsu daga ɗaki zuwa madafa ce. Su ne ya fi kamata a auna da kyau, su ne kuma aka fi yi wa awon ido.

Saboda irin wannan ne masana suka koma ga na'ura. Akwai wata 'yar ƙarama kamar kwalin ashana da ake ɗaura wa mutum a ƙugu kwana bakwai, tana rubuta kowane motsi da ƙarfinsa da lokacinsa. Da aka ɗaura wa dubban mutane ita a Amurka a 2003 da 2004, abin da ya fito ya ba kowa kunya. Da baki, wajen rabin manya suna cewa suna cika adadin da ake so. Da na'ura, waɗanda suke samun rabin awar nan a rana ba su kai 5 cikin 100 ba. Kada mu yi wa Amurkawa dariya. Su waɗancan malamai na Maiduguri sun gwada takardar Hausa da na'urar a kan mutanenmu, suka buga sakamakon a 2014, kuma hanya ɗaya ya nuna: abin da baki ya faɗa na motsi ya fi abin da na'ura ta gani, abin da ya faɗa na zama kuwa bai kai ba. Ba ƙarya mutane suke yi ba. Zuciya ce take riƙe ranar da aka sha wahala, ta manta kwana shida da aka yi a majalisa.

Wannan na'ura ta masu bincike ce, tana da tsada. Amma yawancinmu muna da ƙanwarta a aljihu. Kusan kowace babbar waya tana iya ƙirga taku, wata da manhajar da ta zo da ita, wata sai an saka mata. Wanda bai iya ba ya ba jikansa, minti biyu ya gama. Sai dai ita ma a san halinta. Idan tana caji a shago ko an bar ta bisa gado, ba ta san ka fita ba. Idan tana lilo a aljihun babbar riga, ko kana bisa babur a hanya mai gargada, takan ba ka kyautar takun da ba ka yi ba. Ba ta iya ƙirga daka, ko huɗa, ko tuƙa keke, ko jan ruwa yadda ya kamata, domin ƙafa ba ta tafiya. Aljihun wando ya fi mata. Masu agogon hannu mai ƙirga bugun zuciya kuma su lura: akwai magungunan hawan jini, irin su atenolol, da suke rage saurin bugun zuciya da gangan. Mai shan irinsu kada ya ce sai ya kai bugun da agogo ya ce, zai wahalar da kansa a banza.

Da zarar an ce taku, sai wani ya ce ai 10,000 ake so. Ku san asalin wannan lamba. Wani kamfani ne a Japan, Yamasa, ya fito da na'urar ƙirga taku a 1965, bayan wasannin Olamfik na Tokyo na 1964, ya sa mata suna mai ma'anar "ma'aunin taku dubu goma". Sunan kasuwa ne, ya bi duniya. Da aka zo aka bincika, a wani babban nazari na 2022 da ya haɗa bincike 15 da mutum sama da 47,000, sai aka ga ga wanda ya kai shekara 60, amfanin yana ta ƙaruwa har zuwa taku 6,000 zuwa 8,000 a rana, daga nan ya daidaita. Ga wanda bai kai 60 ba, 8,000 zuwa 10,000. Wani nazarin da aka buga a 2025 a kan masu hawan jini zalla, sama da 30,000 a Ingila, ya nuna tun daga taku dubu biyu da 'yan kai, kowane ƙarin 1,000 a rana yana tafiya tare da raguwar haɗarin ciwon zuciya da shanyewar jiki. Ma'ana, wanda ya tashi daga 2,000 ya koma 4,000 ya ci riba babba, ko da bai taɓa ganin 10,000 ba. Har ila yau, tun a 2007 aka tattara binciken da aka yi a kan masu ɗaura na'urar ƙirga taku, aka ga sukan ƙara sama da taku 2,000 a rana, lambar jininsu ta sama kuma ta sauka da kusan 4. Waɗanda suka fi cin moriya su ne waɗanda aka sa wa adadin da za su cim ma. Watau shi kansa awon yana sa mutum ya tashi.

Bari mu yi lissafin gida. Da yawa sukan ce mini, "Ai ina zuwa masallaci sau biyar." Madalla. Amma a Daura masallacin unguwa yana bakin ƙofa. A ce taku 150 ne daga zaurenka. Zuwa da dawowa 300, sau biyar 1,500. Ka haɗa da kai-kawon cikin gida, da ƙyar ka haura 3,000. Kilomita ɗaya kuwa wajen taku 1,300 zuwa 1,400 ne. Sa'an nan ba yawan kaɗai ake dubawa ba, har da sauri. Tafiyar da ake kira matsakaiciya ita ce wajen taku 100 a minti. Ka dubi agogo, ka ƙirga takunka na daƙiƙa 15. Idan ka sami 25, ka kai. Wanda ba shi da agogo ya gwada da bakinsa: idan kana iya amsa gaisuwa amma ba ka iya rera waƙa, kana daidai; idan ko gaisuwar ba ta fita sai da haki, ka wuce, ka sassauta. Tafiyar ƙasaita, hannu a baya ana jan carbi, tana da nata amfanin, amma ba ita ake nufi ba.

Na san abin da ke hana mu, domin ni ma ɗan garin nan ne. Babban mutum ba ya taku 20 a cikin Daura ba a tsayar da shi gaisuwa ba, kuma ba a amsa gaisuwa a tsaitsaye. Kafin ka bar layinku mutum uku sun tsaya da babur: "Ranka ya daɗe, motar ta lalace ne? Hau in kai ka." Washegari labari ya zaga cewa wane ya karye. Maganin wannan shi ne a fita bayan sallar asuba kafin gari ya tashi, a nufi bayan gari ko fili, kuma a fita mutum biyu ko uku. Idan aka ga tsohon darakta shi kaɗai a ƙasa, tausayi ake ji. Idan aka ga su huɗu, sai a ce wani abu ne na 'yan boko, a ƙyale su. Mata kuma tsakar gida ta isa: a auna tsawonta da taku sau ɗaya, a san zagaye nawa ne minti goma, a yi bayan asuba da bayan la'asar da bayan isha. A ƙa'idar 2020 an cire sharaɗin cewa sai an yi minti goma a jere kafin a ƙirga, kowane ɗan motsi yana shiga lissafi.

Ga 'yan'uwanmu da suka koma gona bayan ritaya, akwai magana ta musamman. Masana sun lura cewa aikin ƙarfi na wuni guda, mai ɗaukar kaya da sunkuyo ba hutu, ba ya ba zuciya irin amfanin da tafiya mai sauri ta rabin awa take bayarwa. Ɗaga buhu tare da riƙe numfashi yana harba jini sama nan take. Saboda haka mai hawan jini kada ya ce noman damina ya biya masa bashin shekara, kada kuma ya yi gasar ɗaukar buhun gero da 'ya'yansa. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin garin nan yake haura 40, mai shan maganin da ke sa yawan fitsari ya kiyayi rana, ya sha ruwa. Wanda ya auna ya ga 180 a sama ko 110 a ƙasa, ranar nan ba ranar atisaye ba ce, ranar ganin likita ce. Haka wanda ya ji nauyi ko zafi a ƙirji, ko jiri, ko hakin da bai saba ba, ya tsaya nan take, a kai shi asibiti. Wanda ya riga ya sami ciwon zuciya ko shanyewar jiki, ya fara shawara da likitansa kafin ya ƙara komai. Shi awon jinin ma yana da ladabi: a zauna minti biyar, baya a jingine, hannu bisa teburi, kuma rabin awa kafin nan ba goro, ba shayi, ba taba, ba tafiya mai sauri.

Shugaba, ga roƙona, kuma bai fi ƙarfin aljihun kowa ba. Kowannenmu ya sayi littafin rubutu irin na 'yan firamare, ya ja layi huɗu: kwanan wata, takun da waya ta nuna da dare, aikin da waya ba ta gani ba da mintocinsa, sai lambar jini. Makon farko kada ya canja komai, ya yi rayuwarsa yadda ya saba, don a ga gaskiyar inda yake. Wannan makon shi ne mai ɗaci, kuma shi ne mafi amfani. Daga nan ya ƙara taku 500 zuwa 1,000 a rana, ya riƙe mako biyu, ya sake ƙarawa. A maimaita cikakken awon mako guda sau huɗu a shekara, da damina, da kaka, da ɗari, da bazara, don a kama inda yake faɗuwa. Ranar asibiti a tafi da littafin. Likitan da aka ajiye wa wannan a gabansa zai san ko ƙarin magani ake bukata ko ƙarin tafiya, ba sai ya yi canke ba.

Ita kuma ƙungiya, ina ba da shawara ta sayi na'urar awon jini guda biyu, irin ta damtse, a ajiye ɗaya a nan Daura ɗaya a hannun reshen da ya fi yawan mutane. A nemi izinin shugaban makaranta a riƙa buɗe mana filin ƙwallo da asuba ranar Asabar. Cikakken filin ƙwallo zagayensa ya kusa mita 350, watau zagaye uku kilomita ɗaya ne da 'yan kai. Ɗaliban yanzu za su iya auna mana namu da tef su kafa alama. Ranar 17 ga Mayu ta kowace shekara ita ce ranar hawan jini ta duniya, sai mu sa ta zama ranar da za a auna kowa, har da malamanmu da iyalanmu da masu gadin makaranta. Na kawo kwafin takardar tambayoyin nan ta Hausa, suna wurin sakatare, kuma zan zauna a bakin ƙofa bayan an tashi don wanda yake son a saita masa wayarsa.

Na ga mai kula da lokaci yana ɗaga mini hannu.  Allah ya ƙara wa malamanmu lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mai da kowa gidansa lafiya.